Amsa ga ɗana kan na'urar neman zinariya da rabon abin da aka samu

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso gare ni. Ka ce kai da abokanka za ku fita neman zinariya da na'urar wani mutum, kana tambaya ko akwai al'adar da ake bi wajen shiga daji da rabon abin da Allah ya bayar.

Ita na'urar baƙuwa ce, domin ba ta yawaita a hannun mutanenmu ba sai da labarin zinariyar Sudan ya bazu, sannan aka samu ta Jado da ke jihar Agadas a shekarar 2014. Amma ladabin cin arzikin ƙasa ya girme ta nesa ba kusa ba. Ba a sa diga a wuri sai an gaida mai gari, an nemi yardar mai gona, kuma duk ramin da aka haƙa a cike shi saboda dabbobin makiyaya. Ka kuma sani cewa a Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora mallakar abin da ke cikin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, don haka yardar mai gari ba ta ɗauke muku neman lasisi.

Rabo kuwa, tun a gida ake yanke shi a gaban shaidu: kason mai na'ura, kason mai mota da guzuri, da kason masu haƙa. Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne haƙƙin wanda yake riƙe da na'urar, saboda yawancin ƙasar da ake samun zinariya a cikinta tana cike da ƙarfe. Jar ƙasa da marmara da baƙin yashi duk suna sa na'ura kuka ko babu komai, musamman ƙananan nan masu araha, shi ya sa masu hali suke neman irin su GPX ta kamfanin Minelab na Ostireliya, wadda ta fi jure irin wannan ƙasa, ko da yake jabunta ya yi yawa a kasuwa. Gwani yakan daidaita na'urarsa da ƙasar wurin kafin ya fara, ya sake daidaitawa duk inda launin ƙasa ya canja, ya riƙa tafiya a hankali da faifan na'urar dab da ƙasa, kuma kunnensa ya san bambancin faffaɗan kukan dutse da na ƙwayar zinariya. Duk da haka za ku wuni kuna haƙa ku tarar da baƙin dutse. Irin wannan asara ta kowa ce, kada a ɗora wa mutum ɗaya, kada kuma a zarge shi da ɓoye wani abu ba tare da shaida ba, domin zargi ya raba 'yan'uwa da yawa a wannan sana'a.

Idan kuka koma fasa dutse, kada ku kawo shi gida a daka. Ƙurar dalmar da ke cikin irin wannan dutse ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010.

Sai maganar zakka. Malamanmu na Malikiyya sun ce zinariyar da aka haƙo, in ta kai nauyin dinari 20, wato kimanin giram 85, ana fitar da ɗaya bisa arba'in nan take, ba a jiran shekara, amma curin da aka tsinta ba tare da wata wahala ba humusi ake cirewa, wato ɗaya bisa biyar. Yadda wannan zai hau kan kason kowannenku, ku kai wa malamin garinku ya warware muku kafin ku tashi.