Amsa: ɗigon ma'aunin zafi suna hawa kan juna a Excel

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kina auna zafin ɗakin kaji a Samaru sau huɗu a rana, ƙarfe 6 na safe, 12 na rana, 6 na yamma da 12 na dare, amma da kin zana a Excel sai ɗigo huɗun kowace rana su jeru a tsaye wuri ɗaya, wasu ranakun kuma su tsallaka wani wata. Matsaloli biyu ne, kuma ta biyun ta fi haɗari.

Ta farko daga nau'in zanen take. Zanen Line idan ya ga kwanan wata a layin ƙasa, yini ne mafi ƙanƙantar abin da yake rarrabewa, ba ruwansa da awa ko minti. Ki koma Scatter with Straight Lines and Markers, shi ne ke ajiye kowane ɗigo a daidai lokacinsa.

Dalili kuwa, a wajen Excel lokaci lamba ne kawai. 1 ga Janairun 2024 shi ne 45292, kashegari 45293. Awoyi kuma gutsuren yini ne: 6 na safe 0.25, 12 na rana 0.5, 6 na yamma 0.75. Saboda haka idan kwanan wata yana ginshiƙin (column) A, lokaci yana B, ki buɗe C ki rubuta =A2+B2, ki ba shi tsarin yyyy-mm-dd hh:mm, sannan ki jera bayanan daga mafi tsufa zuwa sabo, in ba haka ba layin zai riƙa kai da komo. Ki kula da awon 12 na dare: 00:00 na sabuwar rana ne. In kika haɗa shi da kwanan watan jiya, ɗigon zai koma baya da awa 24 cur.

Bayan zanen ya fito, ki shiga Format Axis. Minimum ki sa lambar ranar farko ba tare da gutsure ba, Major (tazarar manyan alamomin layin ƙasa) ki sa 1, Minor (tazarar ƙananan) 0.25. In bayanan sun kai wata biyu, Major 7 ya fi kyau don rubutun ƙasa kada ya cunkushe.

Matsala ta biyun kuwa, wato tsallakawa wani wata: yawancin kwamfutocinmu da tsarin Amurka suke zuwa, wata kafin rana. Kin rubuta 05/01/2024 kina nufin 5 ga Janairu, ita kuma ta ɗauka 1 ga Mayu, ba tare da wani gargaɗi ba. Wanda ya wuce 12, kamar 25/01/2024, sai ta bar shi a matsayin rubutu tunda babu wata na 25, za ki gan shi ya manne a hagun akwati. Irin wannan a zanen Scatter yana sa Excel ya watsar da lokutan ya riƙa ƙirga 1, 2, 3.  Idan duk ranakun a wannan kwamfutar aka shigar da su, da lamba bibbiyu a rana da wata, wannan fomular za ta gyara duka biyun, na rubutun da waɗanda suka juye:

=IF(ISNUMBER(A2),DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)),DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2)))

Ki sa ta a sabon ginshiƙi, ki ja ta har ƙasa, ki yi amfani da sabon ginshiƙin a madadin A wajen haɗawa da lokaci, ki gwada layuka kaɗan da littafin da kike rubuta awon a ciki, sannan ki mayar da Region na Windows zuwa tsarin Ingila kafin ki ƙara shigar da wani abu.

Saura awon da aka tsallake. Don Allah kada ki cike gurbin da 0. Ko a tsakiyar hunturun Zariya ɗakin kaji ba ya kai sifiri, amma zanen zai nuna haka, kuma matsakaicin zafin makon zai lalace. Ki bar akwatin wayam, ki shiga Select Data, Hidden and Empty Cells, ki zaɓi Gaps, layin ya yanke a wurin yadda mai dubawa zai san ba a auna ba. Idan fomula ce ke cike akwatin, kada ta dawo da "", domin Excel zai zana shi a matsayin sifiri. Ki sa NA(), wato alamar babu bayani, a madadinsa.