Ƙanena na so in tsaya mishi a bashin gida

Tambaya: Salamu alaikum. Ƙanena ma'aikaci ne nan Sakkwato, zai karɓi bashin gida na NHF (Asusun Gidaje na Ƙasa), ya ce in sa mishi hannu a matsayin garanto, wai sa hannu ne kawai ba komai. Ni dai hankalina bai kwanta ba, mi ke kaina in na sa? Daga wani ɗan kasuwa, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ba "kawai" ba ne, ranar da ka sa hannun nan ka ɗauki lamuni, in ya kasa biya kai banki za su nema, kuma bashin NHF da Federal Mortgage Bank, bankin gwamnatin tarayya na bashin gidaje, ke bayarwa ruwansa kashi 6 ne cikin ɗari, biyansa na iya kai shekara 30, to ka ga ko aiki ya bari ko ritaya ya yi kana nan ɗaure har sai an biya ko bankin ya yarda ya sake ka a rubuce.

Abin da mutane ba su ganewa, tsayawar ba ta ba ka ko ɗaki guda a gidan in babu sunanka a takardar C of O, wato takardar mallakar filin. Amma in ka biya mishi, kana da haƙƙin bin shi kuɗinka.

Kafin ka sa hannu karɓi kwafin yarjejeniyar ka kai wa lauya, ya duba ko duka bashin ka lamunce ko wani kaso. Batun ruwa kuma, wannan ka tambayi malaminka.