Kafin ku sayi manhaja, ku dakatar da gogewa

Tambaya: Malam, ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfani mai hulɗa da 'yan kasuwa a Amurka. Ɗaya daga cikinsu ya maka mu a kotu a can, lauya kuma ya ce dole mu miƙa imel da fayilolin cinikin. Wani dillali na ta matsa mana mu sayi lasisin manhajar tantance takardu na shekara guda. Mu saya?

Amsa: Malam, ka riƙe alƙalaminka tukuna. Aikin da ya fi gaggawa ba ya buƙatar kuɗi. Yau ɗin nan a kashe duk tsarin da ke goge tsofaffin imel da kansa, a rubuta wa duk wanda hannunsa ya taɓa cinikin cewa kada ya goge komai. Kwamfutar ma'aikacin da ya ajiye aiki a kulle ta a durowa, kada a wanke ta a miƙa wa sabon shiga.

A kotunan Amurka, nauyin adana bayanai yana hawa kanku tun lokacin da alamu suka nuna shari'a na tafe, tun ma kafin sammaci ya iso. Shari'ar Laura Zubulake da bankin UBS Warburg, inda ta taɓa aiki, ce ta fito da wannan fili a 2003 da 2004. An goge wasu imel bayan an ba da umarnin adana su, sai Mai Shari'a Shira Scheindlin ta ce masu taya alƙali yanke hukunci suna iya ɗaukar cewa abin da ya ɓace hujja ce a kan bankin. A 2005 aka yanke hukuncin bankin ya biya matar diyyar sama da dala miliyan 29.

Sai batun saye. Don shari'a ɗaya, haya ta fi. Manhajojin tantance takardu irin su Relativity da Everlaw ana samunsu ta hannun kamfanonin da ke cajin kuɗi bisa yawan gigabait a wata. In kuna amfani da Microsoft 365, duba lasisinku, domin Purview, manhajar Microsoft ta kula da bayanai, na iya hana goge abin da ke cikin akwatunan imel ya kuma bincika su.

Kuɗin ma ba wajen manhaja suke zurarewa ba. Binciken cibiyar RAND na 2012 ya nuna cewa kusan kashi 73 cikin 100 na kuɗin miƙa bayanai yana tafiya ne wajen lauyoyin da ke zaune suna karanta takardu ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka lauyanku ya zauna da na abokin shari'a su daidaita: akwatunan su wa, daga wane wata zuwa wane, da waɗanne kalmomi za a nema. A cire maimaici kafin kowa ya fara karatu. Idan tarin ya yi yawa, kotu ta yarda a koya wa kwamfuta tacewa. Alƙali Andrew Peck ya amince da hakan a New York a 2012, Ingila ta biyo baya a shari'ar Pyrrho a 2016. Ka kuma tambayi dillalin nawa zai caje ku ranar da za ku kwashe bayananku ku tafi. A nan suke yawan yin shiru.

Tambaya: Ma'aikatana duk a WhatsApp suke magana da abokan ciniki. In saya musu wayoyin ofis?

Amsa: Hajiya, ki saya in da hali, amma waya kaɗai ba ta magance komai muddin ba a ajiye saƙonnin inda kamfani zai iya ciro su. Hukumomin Amurka sun ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200 a Disamba 2021 saboda ma'aikata na yin harkar banki ta wayoyinsu ba tare da an adana ba. Wannan ƙa'ida ce ta masu harkar kuɗi, amma kowace kotu na iya neman saƙon da ya shafi shari'a, ko a wayar wa yake. Ki fara da hana kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu.

Tambaya: Ba zan iya mayar da imel ɗin PDF kawai in tura ba?

Amsa: Sai in an amince da hakan a rubuce. PDF na zubar da bayanan da ke maƙale a jikin fayil, wato wa ya ƙirƙira, yaushe, wa aka ɓoye a kwafi. Kada kuma ka riƙa buɗe fayilolin asali kana sake adana su, kwanan watansu zai canza. A kwafe su yadda suke, a yi aiki a kan kwafin.