Amsa ga mai tambaya kan seleri mai ganyen dabbare-dabbare

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta cewa ganyen selerinka ya yi dabbare-dabbaren kore da rawaya, ya nannaɗe, kuma taki bai ɗaga shi ba, sai da gabana ya faɗi. Abin da ya same ni ke nan bara a fadamar Kwalkwalawa da ke Sakkwato.

Ka juya bayan ganyen ka duba. In ka ga darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu kama da kwarkwata, ga danƙo-danƙo, ga tururuwa na hawa da sauka, to mai yiwuwa cutar bairos ce, darɓar ce ke ɗaukarta a baki daga shuka zuwa shuka. Wanda ya kamu ba ya warkewa.

Ni wani mai shagon magani ya cuce ni. Na kai masa ganye a leda, ko taɓawa bai yi ba, ya ce yunwa ce, in zuba yuriya. Na zuba. Ganye ya ƙara taushi, darɓa ta samu biki. Na koma, ya ba ni kwalba, na koma ya ba ni wata. Sau uku! Ranar da mai sayen kayana ya zo ya tsuguna bakin fangali, ya ja kara ɗaya ya ga ya tsumbure, ya kakkaɓe hannu ya hau mashin, na zauna gindin dogon yaro har magariba ban iya tashi ba. Ga bashin fetur ɗin injin ban ruwa. Har yau in na bi ta gaban shagon nan kau da kai nake yi.

Feshi ba ya tare wannan cuta, don ƙwaron na sa baki cikin 'yan daƙiƙu ya zuba cutar kafin magani ya kashe shi. Tumɓuke duk wanda ya nuna alama, ka sa a buhu nan take, kada ka jefar kan kunya, ka binne nesa. Na san da zafi, ni ma sai da na yi kwana uku ina jan ƙafa, jan ƙafar nan ta ci min fangali shida.

Bana gidan sauro na lulluɓa wa wurin renon irin, don tare darɓa. Ka nisanta selerin da karas da faski, dangi ne. Ciyawar bakin lambu ma ka share. A Kalifoniya ta Amurka har lokaci suke warewa da ba mai shuka seleri, cutar ta rasa wurin fakewa. Mu nan maƙwabcinka ma ba zai ji maganarka ba.

Turo mana hoton bayan ganyen tukuna, kafin ka kashe ko sisi.