Sinadarin CBG na tabar wiwi

Malam, ka tambaya ko CBG yana da amfani ga lafiya kamar yadda ake yayatawa. Masana kimiyya Gaoni da Mechoulam ne suka fara ware shi a Isra'ila a 1964, kuma ba ya bugarwa. Daga tushen sinadarin CBG ɗin tsiron wiwi yake haɗa sinadaran THC (mai bugarwa) da CBD (marar bugarwa), shi ya sa idan shukar ta ƙosa, galibi ragowarsa ba ta wuce kashi 1 cikin 100. A 2020, masana a Jami'ar McMaster ta Kanada sun ga yana kashe ƙwayar cutar MRSA mai bijire wa magunguna, amma a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye. Ina roƙonka kada ka ajiye maganin likitanka saboda 'yar kwalbar man CBG da ake tallata a intanet.