Amsa ga Maman Khalifa kan yaron da ke tsoron adaidaita sahu

Wa'alaikumus salam Maman Khalifa, sannu da jinya. Kin ce tun da adaidaita sahu ta kife da yaronki wata biyu baya ko ƙararta ya ji sai jikinsa ya hau ɓari, babansa kuma ya tilasta masa hawa washegarin hatsarin wai don tsoron ya fita, abu sai ma gaba ya yi. Ni nas ce, na daɗe a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, irin wannan muna gani sosai.

Ba iskanci ba ne wallahi, ba kuma ragwanta ba. Akwai wani ɗan guri a ƙwaƙwalwa, amigidala, shi ke riƙe abin da ya taɓa razana mutum. Lokacin firgici sinadarin noradirenalin yana malala a ƙwaƙwalwa, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda su sako wani sinadarin da ake kira kotizol, su ne ke sa abin ya zauna daram, shi ya sa wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To tsoron nan ba a goge shi, sabon darasi ake ɗorawa a kai cewa na hau kuma ba abin da ya faru, kuma ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa wajen goshi shi ke riƙe wannan darasin, shi kuwa in noradirenalin ya yi yawa ba ya aiki yadda ya kamata. A 2006 an gwada da ɓeraye a Jami'ar Mishigan ta Amurka, waɗanda aka fara cire wa tsoro nan take bayan an razana su tsoron ya dawo musu, waɗanda aka jira kwana ɗaya kuwa darasin ya zauna. Mutum ba ɓera ba ne, ba lallai kwana ɗaya ya ishe shi ba, amma kin ga inda gaggawar babansa ta tsaya.

Abin mamakin, kotizol ɗin ba duka ne sharri ba, a 2011 masu bincike a Suwizalan sun ba masu tsoron hawa sama ƙwayarsa kafin atisayen sabawa da abin da suke tsoro, suka fi waɗanda ba a ba samun sauƙi. Ba cewa na yi ki nemo ba fa! Nufina ɗan fargaba ba laifi ba ne, wanda ya kai yaro ga ihu da shiɗewa shi ne matsala.

Yadda muke yi, da safe bayan ya samu barci sosai. Ki nemi ɗan sahun unguwa da kuka sani ya faka a ƙofar gida, a kashe, yaro ya tsaya kusa, ya taɓa, in ya yarda ya zauna ciki ke kina gefe. Za ki ga tafin hannunsa na gumi yana kallon ƙofa, kar ki sauke shi a lokacin, kar kuma ki ce a tayar, ku yi ta hira har numfashinsa ya daidaita. Wata rana a kunna ba tafiya, sannan zagayen layi. Ku riƙa canza guri da mai tuƙi, in ba haka ba zai saba da na ƙofar gida ya je Kabuga abu ya dawo sabo. Ko bayan ya warke in tsoron ya ɗan motsa wata rana, haka yake, ku maimaita.

Don Allah kar a je kemis a sayo masa maganin barci irin su baliyam. In yana mafarkin hatsarin, yana zabura da dare ko ya daina zuwa makaranta, tunda an haura wata ɗaya ku kai shi ɓangaren ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau, ki tafi da babansa shi ma ya ji daga bakin likita. Allah Ya ba shi lafiya.