Ta yaya zan dogara ga Allah alhali aiki ya tsaya?

'Yar'uwa, na karanta tambayarki: an sallami maigida daga aiki, mai gidan haya yana ƙwanƙwasa ƙofa, kina addu'a amma tsoro bai bar ki ba, har kina zargin bangaskiyarki.

Tsoron ba ya nufin kin rabu da Allah. Ni ma na taɓa kwana ina ƙirga sauran kuɗinmu sau uku, kamar za su haihu. Abin da ya riƙe ni labarin manna ne, abincin da Allah ya saukar daga sama, a Littafin Fitowa sura 16. Shekara 40 Isra'ilawa suna cin ta a jeji, amma kullum na yini ɗaya ake tsinta, sai jajibirin Asabar da ake ɗibar na kwana biyu. Waɗanda suka ɓoye saura saboda gobe, da safe suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Yesu ma, a Matiyu 6, abincin yau ya koya mana roƙo.

Sai dai dogara ba naɗe hannu ba ce. Bulus da kansa ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti. Ku ci gaba da neman aiki, ko ƙarami ne.

Ki kuma yi hattara da mai wa'azin da zai ce ki kawo ɗan abin da ya rage a hannunki domin Allah ya ninka miki. Kunya ma kada ta hana ki sanar da dattawan ikilisiya. Mai gidan hayan kuwa, ku same shi ku nemi lokaci tun bai fusata ba.

Idan damuwar ta hana ki barci ko cin abinci har makonni, ki ga likita.